Ranar da Hidaya Ta Hana Kalmar Sirri

Watan Hidaya biyu kacal a sabon aikinta aka damƙa mata kula da wutar wasu benaye uku a unguwar Morrisania da ke Bronx, a birnin New York. Dogayen gine-gine ne masu hawa goma sha takwas-takwas, yawancin mazaunansu tsofaffi ne da suka ajiye aiki, kuma suna da ƙaramar tashar wutarsu a ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin da take wa aiki shi ke duba tashar. Ita injiniya ce ta ɓangaren kariya, wato na'urorin da ke yanke wuta idan wani abu ya lalace, tun kafin ya zama gobara. A Kano ta yi karatu, ta yi shekara huɗu tana zagayen tashoshi, sannan ta biyo mijinta Abubakar da ya samu aikin jinya a Bronx.

Ranar da ta fara sauka tashar, Baba Yussif ne ya buɗe mata ƙofa. Dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, shekararsa sittin da ɗaya, ashirin da shida daga ciki ya yi su ne yana gyaran wuta a ƙarƙashin gine-ginen New York. Hausarsa irin ta Zango ce, ba ta raba mace da namiji, don haka "kai" yake ce mata. Da farko har waigawa take yi ta ga da wa yake, daga baya kunnenta ya saba.

"Injiniya, ka shigo. Ka kula da matakala na uku, yana da santsi."

Ya zagaya da ita ɗakin. Manyan akwatunan ƙarfe ne a jere kamar kabad-kabad, kowanne da bireka a cikinsa, wato babban makunnin da ke ba gini wuta ko ya yanke ta. A fuskar kowane akwati akwai rile, ɗan ƙaramin inji da bai fi rediyon mota girma ba, mai allo da maɓallai. Shi ke sa ido a kan wutar da ke wucewa. Da ya ga abin da bai gamshe shi ba, sai ya umarci bireka ta yanke, ya kuma kulle ta har sai wani ya zo ya duba.

Hidaya ta buɗe murfin rile na gini na biyu, sai ta ga farar takarda manne da salatif, an rubuta kalmomi biyu da biro.

"Baba, wannan fa?"

"Faswod ne. Na sama na kallo, na ƙasa na aiki."

"Tun yaushe suke nan?"

"Tun da aka kawo injin. Shekara goma sha ɗaya ke nan."

Ta ƙura wa takardar ido. Kalmomin sirrin da na'urar ta zo da su daga masana'anta ne, suna nan a littafinta, wanda kowa zai iya saukewa a waya. Ta farko ba ta dame ta sosai ba, don kallo kawai take ba mutum dama ya yi. Ta biyun ce ta tayar mata da hankali. Duk wanda ya shiga da ita zai iya canza saiti, ya cire kullen da rile ya yi, ya kuma ba bireka umarnin mayar da wuta.

Abin bai tsaya nan ba. A hawa na ƙasa akwai ofishin Kwabena, mai kula da gine-ginen uku, mutumin Kumasi shi ma, mai fara'a, wanda ya san sunan kowace tsohuwa da ranar da take zuwa asibiti. A kan teburinsa akwai laftof da wani ɗan kwangila ya haɗa masa da tashar shekarun baya, don ya riƙa ganin yawan wutar da ake ja. Hidaya ta duba ta ga ba kallo kaɗai manhajar ke yi ba, har maɓallin ba da umarni gare ta.

A makon nan ta canza komai. Ta ɓanɓare takardun, ta sa wa kowane rile sababbin kalmomi masu haruffa goma sha biyu. Kwabena ta ba shi ta kallo. Ta aiki kuwa ita da Baba Yussif kaɗai suka san ta, sai kwafi ɗaya da ta rufe a ambulan aka sa a sef na kamfani. Ta kuma rubuta ƙa'ida: ba a ba bireka umarni sai mutum biyu sun yarda, kuma sai an tabbatar babu kowa a gaban akwatin.

Kwabena yana waya da mai gyaran famfo lokacin da take masa bayani. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga mata babban yatsa, ya jefa takardar a durowa.

Baba Yussif kuwa abin ya sosa masa rai. Bayan kwana biyu, suna cin abincin rana a mota ya amayar da abin da ke cikinsa.

"Shekara goma sha ɗaya takardan nan yana nan, ko fis bai ƙone ba. Kai ka zo jiya ka cire. Wane ne ɓarawon? Ni?"

"Haba Baba, wa zai ce maka haka? Ai kai ne na fara ba wa."

"Ka ba ni abin da sai na sa tabarau kafin na buga. Harafi babba, harafi ƙarami, alamar tambaya. Ei! Wuta yana jira na gama neman alamar tambaya?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Duk da haka ya haddace kalmar, don ba ya wasa da aiki ko da ransa bai so ba. Sai dai tun daga ranar hirarsu ta ragu, gaisuwa da maganar aiki kawai.

Wata Alhamis a watan Yuli aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin azahar ya ɗauke, rana ta buɗe, gari ya ɗauki irin zafin nan mai danshi da ke sa riga ta manne wa mutum a baya. Hidaya tana Harlem, ta gama duba wata tasha ke nan, saƙo ya shigo wayarta daga ofis: wutar gini na biyu a Morrisania ta ɗauke gaba ɗaya. An ce an sanar da Baba Yussif, shi ya fi kusa, yana Fordham Road.

Ta tari tasi. Ba su kai ga gadar da ke shiga Bronx ba wayarta ta yi ƙara. Kwabena ne, muryarsa a sama, yana haɗa Turanci da Hausar da ya tsinta a Zango.

"Madam Injiniya, me kika yi wa kwamfutata? Na sa faswod sau uku, ta ƙi, yanzu ma ta ce an kulle ni na minti biyar!"

"Wanne ka sa?"

"Wanda nake sawa kullum!"

"An canza shi tun watan Mayu, na gaya maka. Me kake son yi?"

"Me nake son yi? In mayar da wuta mana! Na taɓa yi sau biyu kafin ki zo. Idan zafi ya yi yawa kowa ya kunna esi, sai ta yanke. In cire kulle, in danna, shi ke nan. Karanto mini sabon."

Ba ta taɓa sanin ya yi amfani da maɓallin ba.

"Kwabena, dakata. Me allon ya ce dalilin yankewar?"

"Ban tsaya karatu ba! Kin san mutum nawa ne a ginin nan? Janareta lif ɗaya kawai yake ɗauka da fitilun baranda. Akwai wata tsohuwa a hawa na goma sha huɗu, da injin oksijin take numfashi. 'Yarta Abena ta kira ni sau huɗu tana kuka."

"Suna da tukunyar oksijin ta ajiya?"

"Ta ce ƙarama ce!"

"To ka kira motar asibiti yanzu, su hau su zauna da ita. Ina Baba Yussif?"

"Ban gan shi ba. Bai iso ba."

"Ka tabbata?"

"Da ya zo ai ta gabana zai wuce. Madam, ba ni faswod ɗin nan."

Ta ce ya riƙe layi, ta kira Baba Yussif a ɗaya wayar, ta kamfani. Ba ta shiga. Ta sake kira, haka. Ko dai yana cikin jirgin ƙasa, ko kuma yana wani wurin da babu sabis. Tashar ma babu sabis a cikinta.

Kalmar tana kan harshenta. Haruffa goma sha biyu ne, cikin daƙiƙa biyar za ta faɗe su. Wataƙila Kwabena ya yi gaskiya, zafi ne kawai, wuta ta dawo kowa ya huta. Ta tuna tsohuwar da ba ta taɓa gani ba, tana kokawa da numfashi a hawa na goma sha huɗu. Ta dubi titi, motoci sun cushe a kan gada.

"Ba zan ba ka ba," in ji ta.

"Me kika ce?"

"Ban san dalilin da ya sa ta yanke ba, kai ma ba ka sani ba. Ban san inda Baba yake ba. Ka ba ni minti ashirin."

"Idan matar nan ta mutu, ki sani a wuyanki take. Zan kira shugabanki a ofis yanzun nan!"

"Kira shi. Amma ka fara kiran motar asibiti."

Ya kashe. Ta ajiye wayar a cinya. Direban, wani ɗan Senegal, ya dube ta ta madubi, sai ya saki babban titi ya shiga lunguna. Duk hanya tana maimaita hasbunallahu a ranta, tana kuma tambayar kanta ko taurin kai ne kawai take yi da sunan ƙa'ida.

Ƙarfe biyu da kwata suka isa. Tsofaffi sun fito sun zazzauna a inuwar bishiyoyi suna fifita da jaridu, motar asibiti na tsaye a bakin gini na biyu. Ba ta bi ta ofishin Kwabena ba, ta zagaya baya inda ƙofar kaya take. A buɗe ta same ta, an tokare ta da bulo. Ta sauka a guje.

Baba Yussif na tsaye daf da akwatin gini na biyu, tocila a hannu, fuskarsa kusan manne da ɗan gilashin leƙe da ke jikin ƙofar. Ruwa ya kwanta a ƙasa har ya rufe tafin takalminsa.

"Baba! Matso daga nan!"

Ya juyo a natse. "Injiniya, ka iso? Zo ka shaƙa. Akwai warin ƙuna."

Ta miƙa hannu ta murɗa ɗan makullin da ke jikin akwatin, wanda ke hana karɓar umarni daga nesa, ta zare shi ta sa a aljihu. Sannan ta kama hannun rigarsa ta janye shi gefe.

"Tun yaushe kake nan?"

"Biyu saura kwata na shigo. Ta baya na bi, makulli yana hannuna. Na ga ruwa, sai na tsaya neman inda yake fitowa." Ya dubi inda ta zare makullin. "Wannan kam na manta. Ruwan ya ɗauke mini hankali."

Ta sa kalmar kallo a rilen ta buɗe tarihin abin da ya faru. Layi na farko ya nuna ba yawan jan wuta ba ne. Wuta ce mai yawan gaske ta zube ƙasa daga waya ɗaya, rile ya yanke ta cikin ƙiftawar ido. Hidaya ta gangara ƙasan tarihin. Layi uku ne a jere, iri ɗaya: an nemi shiga matakin aiki daga nesa, an ƙi. Ɗaya da minti hamsin da biyu. Ɗaya da hamsin da uku. Ɗaya da hamsin da uku kuma.

Baba Yussif ya ciro tabarau ya sa, ya karanta da kansa, a hankali, leɓɓansa na motsi.

"Wane ne wannan?"

"Kwabena. Daga ofishinsa. Da tsohuwar kalmar."

"Kwamfutan nan yana iya mayar da wuta?"

"Tana iyawa."

"Ɗaya da hamsin da biyu," in ji shi. Ya dubi agogonsa, ya dubi gilashin leƙen, ya dubi ruwan da yake tsaye a ciki. "A nan nake. Goshina yana jikin ƙarfen nan."

Suka sa rigunan kariya da hulunan gilashi, suka zaro birekar daga mazauninta, suka gwada suka tabbatar babu wuta, suka ɗaure wayoyin da ƙasa, suka rataya kwado da jan kati. Sai a sannan suka kwance murfin baya, inda babban kebul ɗin ginin yake shiga.

Wari ya buso. Kan kebul ɗin ya tsage, ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi, ruwa na ɗiga masa ɗis-ɗis daga wani bututu da ya tsatstsage a rufi. Duk wanda ya yi aikin wuta ya san abin da ke faruwa idan aka tura wuta a kan irin wannan. Ƙarfe ne ke narkewa ya yi tsalle, ƙofa ta ɓalle, wanda ke gabanta ba a cika samun abin da za a kai asibiti ba.

Suna tsaye a haka suka ji saukowar Kwabena, tun daga matakala yake faɗa.

"Minti ashirin kika ce! Na kira ofishinku, na gaya musu..." Ya yi turus da ya ga Baba Yussif. "Wofa, yaushe ka zo?" Haka yake kiransa, wato kawu da harshen Twi.

Baba Yussif ya yafito shi da hannu. Ya haska masa kan kebul ɗin da tocila, ya bar shi ya kalla sosai. Sannan ya kai shi gaban rile ya nuna masa layukan nan uku da yatsa, ya nuna masa inda shi Baba ya tsaya a gaban ƙofar akwatin.

Kwabena ya daɗe yana kallo. Ya lalubi wani bokiti da ke kife ya zauna, ya dafe kai da hannu biyu.

"Awurade," ya ce a hankali, wato ya Ubangiji da harshensu. "Wofa, na danna. Sau uku na danna. Da ta buɗe mini..."

"Bai buɗe ba."

"Na roƙe ta. Na zage ta ma."

"Bai ba ka ba." Baba Yussif ya dafa kafaɗarsa. "Kai mutanenka kake ji, na sani. Tashi. Kwanana bai ƙare ba, kai kuma Allah bai rubuta maka ɗaukan wannan kaya ba. Tashi ka nemo mai famfo ya rufe bututun nan, tsofaffi suna jira."

Hidaya ta tambayi labarin matar hawa na goma sha huɗu. Kwabena ya goge fuska ya ce ma'aikatan asibiti suna tare da ita, sun hau da babbar tukunya, har tana yi musu faɗa wai sun shigo mata da takalmi. Hidaya ta jingina da bango ta saki wani dogon numfashi.

Sauran aikin ba mai wuya ba ne, sai dai yana son natsuwa. Ginin yana da kebul na biyu na ko-ta-kwana, da tasa birekar a ƙarshen layi, inda ruwa bai kai ba. Mai famfo ya zo ya rufe bututu, aka kawo injin zuƙe ruwa. Suka gwada kebul na biyun sau biyu, lafiyarsa ƙalau. Hidaya ta hau sama inda ake samun sabis ta kira ofis, ta karanta wa shugabanta abin da rile ya rubuta. Ya ce ta ci gaba, ta kuma ajiye masa kwafin tarihin.

Da ta dawo ta tsaya gaban rilen kebul na biyu don ta shiga matakin aiki. Ta buga kalmar, allon ya ce ba daidai ba. Yatsunta ne ba su daina rawa ba.

"Saura gwaji biyu ya kulle," in ji Baba Yussif. "Matsa, Injiniya. Hannunka ya yi aikinsa na yau."

Ya gyara tabarau, ya buga haruffan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa guda, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Allon ya buɗe.

"Na zaɓi bireka na biyar," ya ce da ƙarfi, yadda ƙa'ida ta tanada. "Ka gani?"

"Na gani. Ta biyar ce."

"Akwai kowa a ɗaki?"

Ta leƙa bayan akwatunan, ta leƙa lungun taransifoma. "Babu kowa sai mu."

"Ka yarda?"

"Na yarda."

Ya danna tabbatarwa. Rilen yana ba da daƙiƙa goma kafin ya aika umarni, don mai dannawa ya samu ya kauce. Suka fita suka ja ƙofar ƙarfe, suka tsaya a matakala tare da Kwabena suna ƙirgawa. Aka ji ƙara gau, irin ta lafiya, sai kuma gurnanin taransifoma ya cika wurin. Can sama wani ya yi shewa, wasu suka amsa, har da tafi. Ƙarfe huɗu da minti goma.

Kwabena ya rungume Baba Yussif har ya ɗaga shi daga ƙasa, dattijon yana ta cewa ya sauke shi, bayansa ba na yara ba ne. Ya juyo wurin Hidaya ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, sai ya haɗe su a ƙirji ya sunkuyar da kai.

"Madam, ki yafe mini abin da na faɗa."

"Ya wuce. Ni ma da laifina. Na ga kana waya ranar da nake maka bayani, na bar shi a haka. Da na zauna na tabbatar ka ji."

Suka yi la'asar a wani ɗan ɗaki kusa da ofishin, a kan kwalayen da Kwabena ya shimfiɗa musu. Hidaya ta idar ta fito, Baba Yussif kuwa ya daɗe a sujadarsa ta ƙarshe. Da ya fito idanunsa sun yi ja. Ya sayo ruwan sanyi gora biyu a kantin kusurwa, suka zauna a kan dakalin ginin suna kallon tsofaffi na komawa ciki, kowace na tura kekenta na cefane.

"Jikata na fari za a yi wa suna ran Lahadi," in ji shi. "Ina tsaye a ruwan nan ina tunanin rago nawa za a yanka. Ka ga ɗan Adam."

"Allah ya raya, Baba."

"Amin. Injiniya, na yi fushi da kai wata biyu."

"Na sani."

"To na sauke." Ya kurɓi ruwa. "Amma abu ɗaya. Kar Hajiya Bintu ya ji. Idan matata ya ji wannan labari, gobe zai ɓoye mini takalmin aiki."

Ta yi dariya har ta ƙware, wannan karon shi ma ya taya ta.

Washegari Kwabena da kansa ya rungumo laftof ɗin ya kawo, ya ce a cire masa maɓallin, ba ya son ya ƙara ganinsa ko a mafarki. Hidaya ta cire, ta kuma rufe hanyar umarnin nesa daga cikin rilen gaba ɗaya. Kamfani ya sa aka bi sauran tashoshinsu goma sha tara, aka samu shida da kalmar masana'anta. Ita da Baba Yussif aka tura su canza, suka yi mako biyu suna yi.

Sirrin kuwa bai kwana uku ba. Kwabena ya gaya wa matarsa Yaa, Yaa kuma a shago ɗaya suke sayen kifi da Hajiya Bintu. Ran Asabar da hantsi Hidaya tana wanki aka buga ƙofa. Abubakar ya buɗe, sai ga wata dattijuwa mai jiki, da mayafi ruwan goro, tana haki saboda matakala, ta rungumo kula babba. Bayanta Baba Yussif ne, ya sha farar jallabiya, yana kallon silin kamar ba da shi aka zo ba.

"Ina injiniyan?" in ji ta.

Hidaya ta fito tana goge hannu, ta durƙusa za ta gaishe ta. Hajiya Bintu ta dire kular, ta ɗago ta, ta riƙe fuskarta da hannu biyu tana kallo. Hawayen da Hidaya ta riƙe tun ranar Alhamis suka zubo, ta kifa kai a kafaɗar matar da ba ta taɓa gani ba sai yau.

"Ya isa, ɗiyana, ya isa," in ji Hajiya Bintu tana bubbuga bayanta. "Wake da shinkafa ne na kawo, irin namu, da shito, soyayyen yajinmu, da ƙwai. Gobe kuma suna, ƙarfe goma, kai da maigidanka. Ba gayyata ba ne, umarni ne."

Abubakar ya buɗe kular, ƙamshi ya cika falon. Ya ce shi dai ba zai iya jira a gama koke-koke ba, ya wuce kicin ɗauko faranti. Baba Yussif ya cire takalmi ya samu kujera, ya tambaya ko akwai shayi.